Fakitin irin fetuniya mai gyauro: alkawari ya cika, hoton ne bai faɗi gaskiya ba

A bayan fakitin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa sau ɗaya za ka saya, daga nan fetuniyar, wadda furen ado ce ta lambu, za ta riƙa shuka kanta kowace shekara. Wannan maganar ce ta sa na saya, kuma da ita zan auna kayan. Ta cika. Tun daga shukar farko ban sake sayen irin fetuniya don wannan ɓangaren lambun ba, kuma ba na jin zan sake. Sai dai akwai abubuwan da kamfanin ya yi shiru a kansu, akwai kuma layi ɗaya a cikin umarninsa wanda in ka bi shi yadda aka rubuta, yawancin irinka a ƙasa zai ƙare bai fito ba.

Abin da ke cikin fakitin tsohon iri ne mai yaɗo, wanda ƙwari ke haɗa furanninsa a fili yadda suka ga dama, ba mai aure ba, wato wanda masu kiwon iri suka haɗa da hannunsu. An ce launinsa gauraye ne. Na yi odarsa ta intanet daga wani kamfanin sayar da iri, ya iso a kan lokaci cikin ambulan mai kauri, ba jiƙa ba yagewa. A wannan fannin ba ni da ƙorafi. Cikin fakitin takarda akwai wata 'yar leda, a cikinta irin yake, kuma nan na fara jin haushi. Ƙwayar irin fetuniya ƙarama ce ƙwarai, giram ɗaya yakan ƙunshi kusan 10,000, in ka yi numfashi da ƙarfi a kusa da tafin hannunka sun tashi. To irin wannan ƙwaya in aka zuba ta a leda sai ta manne a jikin ledar, ka girgiza ka girgiza ta ƙi saukowa. Sai da na yanka ledar na buɗe ta a kan farar takarda na share da busasshen buroshi. Da 'yar takarda mai santsi suka naɗe shi da ba a yi wannan wahalar ba. Ba su kuma buga shekarar da aka tattara irin ba. Irin fetuniya yana iya kai wasu shekaru in an adana shi a bushe a wuri mai sanyi, amma ƙarfin tsirowarsa raguwa yake yi, saboda haka mai saye yana da haƙƙin ya san tsufan abin da aka ba shi.

Yawa kam akwai. Ba a ƙirga ba, an dai auna, kuma abin da na samu ya ishi kwamin da na tanada har na ajiye ragowa.

Layin da nake magana a kai cewa ya yi a rufe irin da ƙasa kaɗan. Kada ka rufe. Irin fetuniya sai ya ga haske yake tsirowa. A warwatsa shi a kan ƙasa mai laushi da aka riga aka jiƙa, a danna da tafin hannu ko da faffaɗan katako don ya kama ƙasa, shi ke nan. Na rubuta wa kamfanin a kan wannan, suka amsa cikin ladabi cewa umarni ɗaya suke bugawa a fakitin duk ƙananan furanninsu. Amsar ba ta gamsar da ni ba, domin wanda ya fi buƙatar umarnin shi ne wanda bai taɓa shuka fetuniya ba, kuma shi ne zai zauna yana jiran tsiron da ba zai zo ba, ya ƙare da zargin hannunsa. Ni na gauraya irin da busasshen yashi don kada ya taru wuri ɗaya, na yayyafa, na riƙa fesa ruwa da abin feshi mai fitar da ruwa siriri. In ka kwarara ruwa da bokiti, duk irin zai bi ruwan ya taru a lungu mafi gangare. Da ɗumi daidai, kamar digiri 21 zuwa 25 a ma'aunin Selsiyas, yakan fito cikin kwana 7 zuwa 10, wani lokaci ya ɗan haura. Nawa bai saɓa wannan ba, kuma ya fito da yawa, abin da ya nuna mini irin ba tsoho ba ne duk da rashin kwanan wata. Daga shuka zuwa furen farko ana lissafa mako 10 zuwa 12, to wanda ke son ganin launi gobe-gobe ya nemi dashe, ba iri ba.

Hoton fakitin ya nuna manyan furanni jajaye jawur, da masu shunayya mai duhu, da wasu masu farin baki, duk a cunkushe ba a ganin ganye. Ban san inda suka ɗauko hoton ba, amma ba wannan irin ba ne. Abin da ya fito mini fari ne, da ruwan hoda mai haske, da shunayya daga mai hasken gaske zuwa matsakaiciya, wasu da jijiyoyi masu duhu a maƙogwaron furen. Ja ko ɗaya babu. Furen bai fi santimita 5 a faɗi ba. Shukar kuwa ba ta dunƙulewa, miƙewa take yi, reshe ya kai santimita 60 zuwa 90, ya kwanta a ƙasa ko ya jingina da duk abin da ya samu. In akwai shinge na waya sai ta bi ta cikinsa ta hau, ko da yake ba ta da hannun kamawa irin na sauran masu yaɗo. Tsakiyar kaka takan yi tsayi ta zubar da ganyen ƙasa, gindin ya zama tsirara. Wanda ya saba da fetuniyar da ake sayarwa a tukwane, gajera mai cika ido, zai ga wannan kamar ba a kula da ita.

Amma tana da abu biyu da waccan ba ta da su. Na farko ƙamshi. Da rana ba ka jin komai, rana na faɗuwa sai fararen su fara, ƙamshi mai daɗi mai ɗan nauyi da ke kaiwa har bakin ƙofa in iska ta juyo. Na biyu juriya. Manyan furannin nan na zamani masu faɗin tafin hannu, ruwan sama mai ƙarfi ɗaya ya isa ya mayar da su tsumma, su yi kwanaki ba su farfaɗo ba. Waɗannan ƙananan kuwa sukan sunkuya, rana ta fito su miƙe, sababbi su buɗe.

Duk waɗannan halaye, ƙamshin da launin da tsayin, suna da asali, kuma saninsa ne ya sa na daina jin haushin abin da ke fitowa. Fetuniya 'yar Kudancin Amurka ce, daga yankin Ajantina da Yurugwai da kudancin Burazil, danginta ɗaya da taba da tumatir. Wadda muke shukawa a lambu ba ta wanzu a daji, haɗi ce ta iyaye biyu. Ɗaya ita ce Petunia axillaris, fara mai dogon maƙogwaro, wadda ke sakin ƙamshi da dare don ta jawo manyan malam-buɗe-littafin dare masu dogon baki. Ɗayar ita ce mai shunayya, Petunia integrifolia da 'yan uwanta na kusa, gajeren maƙogwaro, kusan ba ƙamshi, ƙudan zuma ne ke ziyartarta da rana. A daji ba su cika haɗuwa ba saboda kowace da ƙwaronta. A Turai aka haɗa su: wani mai tattara tsirrai, John Tweedie, ya aika da irin mai shunayyar daga Buenos Aires ta Ajantina zuwa lambun tsirrai na Glasgow a Birtaniya, ta yi fure a can a 1831, kuma a 1834 wani mai renon tsirrai mai suna Atkins a Northampton ta Ingila ya fito da haɗin, shi ya sa har yau masana ke kiran fetuniyar lambu Petunia × atkinsiana. Duk ja da rawaya da masu zane da masu ninkin fure da ake gani yanzu, daga baya masu kiwon iri suka zaƙulo su, suka riƙe su da ƙarfin zaɓe. Da zarar an saki hannu aka bar ƙwari su yi aure yadda suke so, sai zuriyar ta kama hanyar gida, fari da shunayya. Fakitin da na saya, in aka duba, fetuniya ce da ta riga ta koma kusa da gida, shi ya sa 'ya'yanta ke kama da ita.

A nan bambancinsa yake da iri mai aure, wanda ake rubuta wa F1 a fakiti. Na shuka irin wannan a wani kwami dabam, ja mai kyau, ƙwayoyin an naɗe su da wani farin abu mai narkewa don su yi girman da za a iya ɗauka ɗai-ɗai. Kakar farko ba abin da za ka ce, duk tsayi ɗaya, launi ɗaya, lokaci ɗaya suka buɗe. Na bar su suka zubar da iri don in ga abin da zai biyo. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ban da fetuniya mai aure. Gyauron da ya fito kowa da kamarsa: wasu dogaye wasu gajeru, wasu furen ya ƙanƙance, jan ya koma wani ruwan hoda mai duhu-duhu, 'yan kaɗan ne suka riƙe launin uwar. Ba laifin kamfanin ba ne, haka gado yake aiki. Iri mai aure ɗan iyaye biyu ne da aka tace kowannensu, 'ya'yan farko su fito iri ɗaya, jikoki kuwa halayen su rarrabu, abin da masanin gadon halitta Gregor Mendel ya nuna tun a ƙarni na 19. Ƙari a kan haka, ja a fetuniya hali ne mai ɓuya, sai ya zo daga uwa da uba duka yake bayyana. In ƙudan zuma ya kawo garin fure daga mai shunayya da ke gefe, shunayyar ce za ta rufe shi. Saboda haka wanda ke son gyauro ya tsaya masa a ja, abin da kamar wuya.

Akwai ma waɗanda ba su ba da gyauron kwata-kwata ko su ba da kaɗan. Masu ninkin fure yawancinsu ba su ƙulla iri, domin sassan haihuwar sun rikiɗe sun zama ganyen fure. Waɗanda ake yaɗawa ta yankan reshe, irin su Surfinia da kamfanin Suntory na Japan ya fito da ita a 1989, ba don iri aka ƙirƙire su ba, don yawan fure ne, kuma a wannan aikin sun yi fice. Purple Wave kuwa, wadda ta ci kyautar gwajin sababbin iri ta All-America Selections a 1995, da iri ake shuka ta, tana kuma zubar da iri, kuma da yake ita can shunayya ce gyauronta bai cika yin nisa da launin ba, sai dai yanayin yaɗon ya bambanta daga shuka zuwa shuka. Launi ɗaya da ba za ka taɓa samu daga gyauron fetuniya ta asali ba shi ne ruwan goro tsantsa, domin jikinta ba ya iya haɗa sinadarin wannan launin. Masu wannan launin da suka cika kasuwa a wani lokaci, a 2017 aka tabbatar suna ɗauke da ƙwayar halittar masara da aka dasa musu, bayan wani masanin tsirrai a Helsinki ta ƙasar Finland, Teemu Teeri, ya gan su a tukwanen bakin tashar jirgin ƙasa ya yi mamaki. Asalin abin wani gwaji ne da aka yi a Jamus a 1987. Wannan dai hira ce a gefe.

Babban abin da fakitin bai faɗa ba shi ne cewa gyauro yana da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan sun ci karo da kusan duk abin da aka koya wa mai son lambu mai tsafta.

An koya mana mu riƙa tsinke furen da ya yanƙwane don shukar ta ci gaba da yin sabo. Shawara ce mai kyau, domin shukar da ta ƙulla iri takan rage fure. Amma in ka tsinke duka har ƙarshen kaka, me zai zuba? Abin da nake yi shi ne in tsinke a farko da tsakiya, har in rage tsayin rassan da suka yi tsirara da kamar rabi don su sake tohowa, sannan in kaka ta doshi ƙarshe in janye hannu. In furen ya bushe ya faɗi, za ka ga ƙananan koren ganye biyar da suka riƙe shi sun rage a jikin reshe, a tsakiyarsu wani ɗan ƙwanso mai tsini. Shi ne gidan irin. Yakan ɗauki kamar wata guda kafin ya nuna, ya tashi daga kore ya koma ruwan ƙasa, bakinsa ya tsage biyu, iska ta kaɗa reshen ƙwayoyin su zube. Ƙwanso ɗaya yakan ƙunshi ƙwaya fiye da 100, to ba sai ka bar duka ba, shuka kaɗan masu kyau sun isa. Sai dai ka sani a wannan lokacin kwamin ba ya da kyan gani. Rassa dogaye, ganye ya fara rawaya, ƙwanso ko'ina, ga ganyen da ɗanƙo yana kama ƙura da duk wani tarkace da iska ta kawo. In kwamin a bakin ƙofar shiga yake inda baƙi ke wucewa, sai ka yi haƙuri da kallon da za a yi masa.

An kuma koya mana mu lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon itace don ta riƙe danshi ta hana ciyawa fitowa. To abin da ke hana ciyawa shi ke hana fetuniya, tunda ita ma haske take nema. Inda na lulluɓe da kauri ko tsiro ɗaya ban gani ba. Inda ƙasa take a buɗe, nan suka fito. Haka in ka kifar da ƙasa da fartanya ko shebur bayan kaka, ka binne irin ke nan. Ni yanzu in na tuge tsofaffin shuke-shuken, sai in girgiza su a kan kwamin, in ɗan kankare saman ƙasa da yatsun manjagara ba zurfi, in bar ta haka. In zan sa ruɓaɓɓen taki, kafin irin ya zuba nake sawa, ba bayansa ba. Maganin ciyawa kuwa, musamman irin wanda ake zubawa don ya hana tsirowa, ba ya tambayar sunan iri.

Inda suka fi son fitowa ma ya ba ni dariya. Ba tsakiyar kwamin da na gyara musu ba. Bakin kwami, tsakanin duwatsun da aka shimfiɗa a hanya, cikin tsakuwa, gindin bango, har cikin tukunyar wata shuka da ke ƙarƙashin inda rassan suka rataya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a irin waɗannan wurare ƙwayar tana zaune a sama tana ganin haske, dutsen yana riƙe mata ɗumi da ɗan danshi, ba kuma wanda ya taka ta ko ya kife ta. Waɗanda suka fito a tsagar dutse ba su kai na kwami girma ba, amma sun fi su ƙarfin jiki, kuma ban taɓa ba su ruwa da gangan ba.

Gane tsiron shi ne aikin da ya fi buƙatar ido. Ganye biyun farko ƙanana ne har ba ka lura da su, kuma ba su da bambanci da na ciyayi da yawa. Sai ganyen gaske ya fito, mai siffar ƙwai, kore mai haske, kwance a ƙasa, da ɗan gashi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka taɓa: in ka ji ɗan ɗanƙo a yatsa, fetuniya ce. In kana da furen taba na ado a kusa, to shi ma haka tsironsa yake, sai sun ɗan girma ake rarrabewa, ganyen tabar ya fi faɗi. Duk wanda ke taya ka cire ciyawa, nuna masa tun da wuri. Dodon koɗi ma yana son su a wannan matakin, dare ɗaya ya share wuri.

Sannan ragewa. Gyauro ba ya fitowa da tazara, a dunƙule yake fitowa, wani wurin ɗari a faɗin tafin hannu, wani wurin babu ko ɗaya. In ka ji tausayinsu ka bar su duka, za su yi siriri su yi tsayi, iska ba ta ratsa su, gindinsu ya ruɓe su kwanta. Sai an rage, a bar kamar santimita 25 zuwa 30 tsakanin shuka da shuka. Abin daɗin shi ne suna jure dashe. In sun yi ganye huɗu zuwa shida, a ɗaga da ƙaramin cokalin lambu tare da ƙasar gindinsu, a mayar inda babu, da yamma, a ba su ruwa. Da haka nake cike gurbin da suka tsallake. Tuge wanda ba a so kuma ba wahala, saiwarsa ba ta da zurfi. Saboda haka duk da yawan irin da take zubarwa, ban ɗauke ta a matsayin shukar da za ta mamaye lambu ta gagari mai shi ba.

Lokacin fitowarsa ba a hannunka yake ba, wannan ma kamfanin bai ambata ba. A ƙasashen da ake ƙanƙara, sanyi yana kashe uwar, irin ya kwana a ƙasa, ba ya motsi sai ƙasa ta yi ɗumi sosai, wanda ke nufin maƙwabcin da ya sayi dashe zai riga ka ganin fure da makonni. A wurare masu zafi kuwa fetuniya ta fi jin daɗin lokacin da gari ya yi sanyi-sanyi kuma a bushe. Tsananin zafi haɗe da yawan ruwa yana gajiyar da ita, kuma irin da ya zuba yana iya tsirowa a lokacin da bai dace ba ya lalace, ko ruwa mai ƙarfi ya kwashe shi. A asalinta ma ba 'yar shekara ɗaya ba ce, inda babu sanyin da zai kashe ta takan wuce shekara, sai dai tsohuwar shuka ba ta kai sabuwa fure. Don haka ba na dogara da ƙasa ita kaɗai. Kowace kaka nakan tsinki ƙwanson da ya nuna amma bai gama buɗewa ba, in zuba a ambulan na takarda, in bar shi ya ƙarasa bushewa a inuwa, in rubuta shekara a jiki. A leda yakan yi fumfuna. In gyauron ya zo da kyau, ajiyar ta zama kyauta ga wanda ya nema. In bai zo ba, ina da abin yayyafawa.

Rana dole ce, aƙalla awa 6 a yini. Waɗanda suka fito a inuwar bango sun yi ganye sun yi tsayi, fure ɗaya-ɗaya.

Game da launi a kakannin da suka biyo, na lura shunayya mai haske tana ƙaruwa, fari yana raguwa, masu duhun da nake so suna ƙaranci. In aka bar abin haka, ƙarshenta kwamin zai zama kusan launi ɗaya. Maganinsa a hannun mai lambu yake, kuma a ganina nan ne daɗin wannan irin yake. Da zarar shuka ta buɗe furenta na farko ka ga launin bai yi maka ba, ko ba ta da ƙamshi, ko ta fiye tsayi, tuge ta kafin ƙwari su ɗebi garinta su kai wa sauran. Wadda ta yi maka, ɗaura mata zare a reshe don ka tuna kada ka tsinke furenta. Ni farare masu ƙamshi nake karewa, da wata mai ruwan hoda da jijiyoyi masu duhu wadda ba ta cikin abin da na shuka da farko, haɗin ƙwari ne ya fito da ita. Ba kowace 'yarta ke gado ta ba, amma kowace kaka ina samun wasu. Wannan ba abin da za ka samu daga iri mai aure ba ne, wanda aka gama yanke hukuncin kamarsa kafin ya iso hannunka.

Ƙwari da cuta ba su fi na kowace fetuniya ba. Darɓa takan taru a sababbin rassa, fesa ruwa da ɗan ƙarfi yana rage ta. Akwai wata koriyar tsutsa da ke huda toho kafin ya buɗe, tana kuma cin ƙwanson irin, alamarta ƙananan baƙaƙen kashi a kan ganye. Da yamma ake kama ta da hannu. Ni ba na fesa maganin ƙwari a wannan kwamin, tunda ƙudan zuma da malam-buɗe-littafin dare su ne ke yi mini auren irin, in na kore su na kori gyauron. Wanda ke shan taba ko yake taɓa ganyenta ya wanke hannu kafin ya shiga cikinsu, domin cutar da ke sa ganyen taba dabbare-dabbare tana kama fetuniya, kuma ta hannu take yaɗuwa. Shukar da ganyenta ya murɗe ya yi dabbare, a tuge ta a fitar da ita daga lambun, kada a bar ta ta yi iri.

Tsakani da Allah, a wurina kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Zan ba da shawarar wannan fakitin ga mai fili a ƙasa, mai rana, wanda ba ya damuwa in fure ya fito a inda bai sa shi ba, kuma yake zama a waje da yamma har ya ji ƙamshin. Mai son layi madaidaici da launi ɗaya, ko mai shirya lambu don wani lokaci na musamman, ya sayi dashe ko iri mai aure, zai fi samun kwanciyar hankali. Kamfanin kuma ya gyara layin rufe iri, ya buga shekara, ya sa hoton abin da ke cikin fakitin.

Masu shuka a tukwane su ma su yi tunani kafin su saya don gyauro. Rassan sun fi ƙarfin ƙaramar tukunya, kuma da yake ratayowa suke yi, yawancin irin a wajen tukunyar yake zuba, a kan siminti ko tayil, tsintsiya ta kwashe. Ɗan abin da ya faɗa ciki kuma yakan tafi ranar da aka juye tsohuwar ƙasa aka zuba sabuwa. In dole sai a tukunya, a kankare saman tsohuwar ƙasar kamar kaurin yatsa a ajiye gefe, a canza ta ƙasan, sannan a mayar da wadda aka kankare a sama a fesa mata ruwa.